Yadda Ake Bin Diddigin Yaƙin Sama: Gumurzun Birtaniya da Jamus na 1940

A daren Lahadi 15 ga Satumba 1940 gwamnatin Birtaniya ta shelanta cewa matuƙanta sun kakkaɓo jiragen Jamus 185 a yini guda. Da yaƙi ya ƙare aka buɗe takardun rundunar saman Jamus, Luftwaffe, sai aka tarar jiragen da suka salwanta a ranar ba su wuce 60 ba. Babu wanda ya zauna ya kitsa ƙarya. Haka lissafi yake fitowa duk sanda daga bakin matuƙa aka ɗauko shi. Saboda haka idan kana son fahimtar wannan gumurzu, ko ka rubuta a kansa, ko ka koyar da shi, ka daina ƙirga jiragen da aka ce an harbo. Abin ƙirgawa shi ne jirage da matuƙan da kowane ɓangare yake iya tayarwa sama washegari da safe.

Kayan aikin ba su da yawa: taswirar kudancin Ingila haɗe da arewacin Faransa, kalandar 1940, da takarda mai faɗi da za ka raba gida-gida. Gida ɗaya na kwanan wata, ɗaya na yanayin sama, ɗaya na wurin da aka kai wa hari, ɗaya na yawan sawun da aka yi, sai iƙirari, sai ainihin asara, sai matuƙan da suka mutu ko suka jikkata ko aka kama. Gidan iƙirari da na asara kada ka yarda su haɗu.

Shata iyaka tukuna

Birtaniya tana lissafa yaƙin daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba. Jamusawa ba su san da waɗannan ranaku ba. A wurinsu ruwan bama-bamai ya ci gaba har Mayun 1941. Ka zaɓi iyakarka ka rubuta ta a saman takarda, domin rabin saɓanin alƙaluman da za ka gani daga nan yake tasowa.

Sannan ka rubuta abin da mai kai hari yake nema. Hitler ya ba da umarni mai lamba 16 ranar 16 ga Yuli a shirya tsallakawa Ingila da sojan ƙasa, shirin da suka kira Seelöwe, ya bi shi da umarni mai lamba 17 ranar 1 ga Agusta a murƙushe rundunar saman Birtaniya, RAF. Ke nan ma'aunin nasarar Jamus ɗaya ne: sashen RAF mai tare abokan gaba ya kasa tashi. Shi kuwa shugaban sashen, Hugh Dowding, ba ya bukatar ya karya Luftwaffe. Bukatarsa ya kai kaka da ransa, lokacin da teku za ta hana tsallakawa.

Matakan yaƙin kuwa a gurguje: hare-hare kan jiragen ruwa a mashigin Ingila daga Yuli zuwa farkon Agusta, babban farmaki daga 13 ga Agusta, matsa wa filayen jirage lamba daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba, juyawa kan Landan daga 7 ga Satumba.

Da'ira ɗaya a kan taswira

Ka sa tsinin alƙalami a yankin Calais na Faransa, inda yawancin jiragen faɗa na Jamus, Messerschmitt Bf 109, suke, ka zana baka da za ta ɗan wuce Landan kaɗan. Iyakar ƙarfin Jamus da rana ke nan. Tankin Bf 109 lita 400 yake ci, kuma a mafi yawan wannan gumurzu ba a ɗaura masa ƙarin tanki. Idan ya rako jiragen bam zuwa Landan, abin da ya rage masa na faɗa bai fi minti 10 ba, sai jar fitilar mai ta kama. Idan aka tilasta masa tafiya kafaɗa da kafaɗa da jiragen bam, yana karkata hagu da dama don kada ya wuce su, man ya fi saurin ƙonewa. Jirgin bam kuwa da ba shi da ɗan rakiya nama ne.

Hujjar tana ranar 15 ga Agusta. Rundunar Janar Stumpff ta taso daga Norway da Denmark ta nufi arewacin Ingila, bisa zaton an kwashe masu tsaron can an kai kudu. Nisan ya fi ƙarfin Bf 109, sai aka haɗa su da Bf 110 mai inji biyu, wasu ma ba rakiya. Suka tarar ana jiransu. Daga ranar wannan runduna ba ta sake kai babban hari da rana ba. Jimillar asarar Jamus a yinin ta kai jirage 75.

A gefen Faransa ka sa rundunar Kesselring a gabas, ta Sperrle a yamma. A gefen Ingila ka raba ƙasar gida huɗu: Shiyya ta 11 ƙarƙashin Keith Park, mai riƙe da Landan da kudu maso gabas, ta 10 a kudu maso yamma, ta 12 ƙarƙashin Leigh-Mallory a tsakiya, ta 13 a arewa. Da ka ɗora da'irar a kai za ka ga kusan Shiyya ta 11 kaɗai ta cinye. Duk abin da yake bayanta wurin hutawa ne da horo da gyara.

Bi saƙo daga bakin teku zuwa kunnen matuƙi

Nan ne aikin yake da daɗi, nan ne kuma masu rubutu suka fi yin sakaci. Sukan ce "rada ce ta ceci Birtaniya" su wuce. Jamus ma tana da rada, wato na'urar hango jirgi daga nesa, har wadda ta fi ta Ingila kyawun ƙira. Abin da ba ta da shi shi ne sarƙar da take mayar da ɗigon haske a fuskar na'ura ya zama umarni cikin 'yan mintuna. Ka zana sarƙar da hannunka, ƙulli bayan ƙulli.

Ƙulli na farko tashoshin Chain Home ne da ke jere a gaɓar teku: hasumiyoyin ƙarfe masu aikawa, tsawonsu kimanin mita 110, da na katako masu karɓa, kimanin mita 73. Suna hango jirgi daga nisan kilomita 160 ko fiye idan yana sama sosai, har sukan ga Jamusawa suna haɗuwa a samaniyar Faransa. Lahaninsu uku ne. Teku suke kallo, da jirgi ya shigo tudu sun makance. Ba sa ganin mai tafiya ƙasa-ƙasa, sai da aka ƙara musu wasu tashoshi na musamman. Sannan nisa suke bayarwa daidai, amma tsayi da adadi kintace ne, shi ya sa za ka ga an rubuta "30 da ɗoriya" alhali jirage 60 ne.

A tudu kuwa aikin na 'yan sa-kai ne masu leƙen sama, kimanin mutum 30,000 a wuraren tsaro kusan dubu, kowanne da tabarau mai hangen nesa da ma'aunin kusurwa da wayar tarho. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai ranar da gajimare ya rufe. Duk ranar da ka ga hari ya wuce ba a tare shi ba, fara duba gidan yanayi.

Rahoton rada yakan tafi ɗakin tacewa a Bentley Priory, hedkwatar Dowding. Tashoshi biyu ko uku kan ba da rahoton ayari ɗaya a wurare mabambanta. Masu tacewa su haɗa su su fitar da layi guda, su ba shi lamba, su ce na gida ne ko na abokan gaba. Daga nan a aika wa shiyya. Ɗakin Shiyya ta 11 yana Uxbridge, ƙarƙashin ƙasa da kimanin mita 18. A tsakiyarsa babban tebur ne mai taswira, mata ma'aikatan rundunar suna kewaye da shi da na'urar ji a kunne, suna tura ƙananan alamu da dogayen sanduna. A bango akwai agogo da aka raba fuskarsa da launi uku, ja da rawaya da shuɗi, kowane launi minti 5. Launin da allurar take kai, shi ake sa wa alamar. Da kallo ɗaya mai ba da umarni zai san wannan labari sabo ne, wancan ya kwana biyu a lissafin yaƙin sama, a ɗauke shi. Sama da agogon allon fitilu ne da ke nuna halin kowane ayari: yana shirye, ya tashi, ya ga abokan gaba, ya sauka shan mai.

Shiyya ce take yanke wane ayari zai tashi. Amma mai magana da matuƙi ta rediyo yana tashar yanki, kuma Shiyya ta 11 tana da su bakwai: Tangmere, Kenley, Biggin Hill, Hornchurch, North Weald, Debden da Northolt. Don ya san inda jiragensa suke, rediyon jirgi ɗaya a cikin ayari yakan yi fito na daƙiƙa 14 a kowane minti, tashoshi uku a ƙasa su ɗauki kusurwarsa, a ja zare uku a kan taswira, inda suka gicciya nan jirgin yake. Tun da minti ɗaya ba ya ɗaukar fito fiye da huɗu, tashar yanki ba ta iya bin fiye da rukuni huɗu lokaci guda.

Yanzu ka yi lissafin mintuna. Saƙo daga rada zuwa tebur kimanin minti 4. Faɗin mashigin a Dover kilomita 33 ne, jirgin bam yana haye shi cikin minti 5 zuwa 6. Ayarin Spitfire ko Hurricane, jiragen tarewa na Birtaniya, yana bukatar kusan kwatan awa kafin ya kai ƙafa 20,000. Ka ga ke nan Park ba shi da rarar lokaci. Idan ya yi gaggawa, wataƙila yaudara ce, jiragensa su ƙare mai su sauka daidai lokacin da ainihin harin yake isowa. Idan ya yi jinkiri, a same su suna hawa, Bf 109 ya faɗo musu daga sama ta gefen rana. Da wannan lissafi za ka auna rigimar da ta tashi tsakaninsa da Leigh-Mallory, wanda shi da Douglas Bader, wani kwamandan ayari a shiyyarsa, suke son a tara ayari uku zuwa biyar a filin Duxford na Shiyya ta 12 kafin a afka. Tarawar tana cin lokacin da mutumin Duxford yake da shi, na Kent, a kudu maso gabas, ba shi da shi. A ganinmu Park ne da gaskiya, ko da yake kafin shekarar ta fita an raba shi da kujerarsa, an raba Dowding da tasa.

Jamusawa sun taɓa sarƙar amma ba su gane ta ba. Ranar 12 ga Agusta sun bugi tashoshin rada na Dover da Rye da Pevensey da Ventnor. Ta Ventnor ce kaɗai ta daɗe a kashe. Hasumiya mai raga-raga iskar bam wucewa take yi ta cikinta. Kwana uku bayan haka shugaban Luftwaffe, Hermann Göring, ya ce bai ga amfanin ci gaba da dukansu ba. Wurin da yake da rauni na gaske ɗakunan umarnin yanki ne, waɗanda suke a saman ƙasa, da wayoyin tarho da suke haɗa su. Da aka rusa ɗakin Biggin Hill ranar 1 ga Satumba, wani shago a ƙauyen aka koma, ma'aikatan gidan waya suka kwana suna ƙulla layuka.

Daidaita iƙirari da asara

Ga dalilan da suke kumbura lissafi. Spitfire da Hurricane bindigogi 8 suke ɗauke da su, harsashi kimanin 300 kowace, wuta ta daƙiƙa 15 ke nan gaba ɗaya. Harsashin irin na bindigar soja ne, kuma jirgin bam na Jamus mai sulke yakan koma gida da huji fiye da ɗari. Matuƙa uku kan harbi jirgi ɗaya, kowanne ya ga ya faɗi, kowanne ya rubuta. Bf 109 idan ya ba injinsa wuta sosai ya yi nitso, baƙin hayaƙi yake fitarwa ta salansa, na bayansa ya ɗauka ya kama da wuta. Wanda kuwa ya tsaya kallon inda abin harbinsa zai faɗi, shi ne na gaba da za a harbo. Ka'idar da za ka riƙe: gwargwadon yawan jiragen da suka cakuɗe, gwargwadon kumburin iƙirari.

A tsawon yaƙin Birtaniya ta yi iƙirarin jirage 2,698, takardun Jamus suka nuna 1,733. Jamus ta yi iƙirarin 3,058, asarar jiragen tarewa na Birtaniya ta tsaya a 915. Za ka ga wasu ƙididdigar sun haura zuwa 1,887 da 1,023. Bambancin yana ga ko an haɗa da haɗurra da jiragen da aka lalata a ƙasa.

Asarar kowane ɓangare daga takardunsa na cikin gida ake ɗaukarta, domin kwamandan da ya ɓoye asara ba zai sami madadin jirgi ba. Na Birtaniya suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kew: kundin ayyukan kowane ayari yana rukunin AIR 27, inda fam 540 yake ba da taƙaitaccen labari, fam 541 kuma ya jera kowane sawu da lambar jirgi da sunan matuƙi da lokacin tashi da sauka. Rahotannin faɗa suna AIR 50, kuma gidan iƙirari za su shiga. Na Jamus da yawa an ƙone su a 1945, amma jerin asarar da ake aika wa ofishin babban jami'in kayan yaƙi ya tsira. Su da kaso suke rubuta lalacewa. Kashi 100 ya tafi ke nan. Daga kashi 60 zuwa sama ba zai sake tashi ba, sai a cire kayansa. Ƙasa da haka gyara ne. Ka ƙirga daga 60, ka kuma duba kwanakin da suka biyo baya, don sukan shigar da asara a makare.

Tarko uku suna jiran sabon shiga. Agogon Jamus yana gaban na Ingila da awa ɗaya a wannan bazara, in ba ka daidaita ba faɗa ɗaya zai zame maka biyu. Ingila da ƙafa da mil take awo, Jamus da mita da kilomita. Sai sunayen rukunoni: ayarin RAF jirage 12 yake tayarwa, Staffel na Jamus 9 zuwa 12, Gruppe kuwa Staffel uku ne, kimanin jirage 30 zuwa 40. Kalmar tana kama da Group, wadda Turawan Ingila suke kiran shiyya da ita, amma shiyyar Park ayari ashirin da wani abu ce.

Ka kuma tantance filin da aka buga na wane ne. Ranar 13 ga Agusta Jamus ta yi sawu 1,485, ta yi wa Eastchurch da Detling kaca-kaca, ta soke su a taswirarta. Ko ɗaya ba na sashen Dowding ba ne.

Ƙarfe da mutum

Jirgi bai taɓa yanke wa Dowding ba. Masana'antun Birtaniya, ƙarƙashin ma'aikatar Lord Beaverbrook, suna fitar da jiragen tarewa 450 zuwa 500 a wata, ninki biyu na Bf 109 da Jamus take ƙerawa, ga kuma ƙungiyar gyara ta farar hula tana mayar da waɗanda suka lalace bakin aiki. Shugaban leƙen asirin Luftwaffe, Josef Schmid, ya ƙiyasta 180 zuwa 300 a wata, kuma rahotonsa na 16 ga Yuli ko ambaton rada bai yi ba. Ya ɗauki ƙaramin adadi ya riƙa debe kumburarren iƙirari daga ciki, zuwa tsakiyar Agusta ya ce saura kimanin 300, alhali sun haura 700. Birtaniya ita ma ta yi kuskure, amma ta ɗaya gefen: ta zaci Jamus ta fi yadda take ƙarfi, sai ta yi tattali.

Gidan matuƙa shi ne mai ban tsoro. Daga 24 ga Agusta zuwa 6 ga Satumba an kashe matuƙa 103, wasu 128 sun ji munanan raunuka, jirage 295 sun salwanta, 171 sun lalace ƙwarai, sababbi da gyararru 269 kawai suka shigo. An rage horon ƙarshe zuwa mako biyu. Don haka kada adadin sunaye a rajista ya ruɗe ka. Ka duba nawa ne cikinsu suka taɓa faɗa. Ƙwararrun baƙi sun toshe giɓi: 'yan Poland kaɗai 145 ne, kuma ayarinsu mai lamba 303 a Northolt sai ƙarshen Agusta aka sake shi ya shiga.

Sai ka yi wa Jamus irin wannan lissafi, abin da da yawa suke mantawa. Matuƙin Ingila da ya diro da lema yana iya sake tashi da yamma. Bajamushen da ya diro fursuna ne, kuma kowane jirgin bam mutum huɗu ko biyar yake tafiya da su. Sashen Dowding ya rasa mutum 544 cikin kusan 3,000 da suka yi yaƙin. Luftwaffe ta rasa fiye da 2,500, kusan dubu kuma suka shiga hannu. Dowding yana janye ayarin da ya gaji zuwa arewa. Matuƙan Bf 109 ba mai canjinsu.

Da wannan za ka gwada maganar da ake yawan yi, cewa juyawa kan Landan ranar 7 ga Satumba ita ce ta ceci RAF. Sauƙin da aka samu gaskiya ne, Park da kansa ya damu da halin tashoshin yankinsa. Amma filayen ciyawa ne, ana cike ramukan a ci gaba, kuma ko da ta ɓaci akwai filaye arewa da kogin Thames, bayan da'irar da ka zana. Ɓangarorin biyu suna zubar da jini. Ɗaya ne kawai ake yi wa ƙari.

Gwada hannunka da 15 ga Satumba. Harin tsakar rana jiragen bam na Dornier kimanin 25 ne da rakiya fiye da ɗari. Iska mai ƙarfi ta tare su ta gaba, tafiya ta yi nauyi, Park ya riƙa aika musu ayari bibbiyu tun daga gaɓar Kent, 'yan rakiya suka ƙone mai suka juya. A kan Landan tarin Duxford ya iso, jirage kusan 60, a idon mutanen da aka gaya wa RAF ta ƙare. Firayim Minista Churchill yana Uxbridge a ranar. A harin la'asar ya tambayi Park abin da ya rage a ajiye, ya ce babu. Ka fassara amsar daidai: fitilun allon Shiyya ta 11 yake nufi a wannan minti, ba ƙasar gaba ɗaya ba. RAF ta rasa jirage ƙasa da 30.

Gida na ƙarshe da za ka ƙara a takardarka na teku ne. Rundunar ruwan Jamus ta riga ta yi asarar jiragen ruwan yaƙi masu sauri guda 10 a Narvik ta Norway tun Afrilu, kuma kwale-kwalen dakon kaya na kogi ta tara a Ostend da Dunkirk da Calais da Boulogne don ɗaukar soja. Jiragen bam na RAF sun riƙa dukansu da dare a Satumba, suka lalata kimanin ɗaya cikin goma, kuma mutanen da wannan sashe ya rasa a watannin yaƙin sun fi na sashen Dowding yawa. Ranar 17 ga Satumba Hitler ya ɗage Seelöwe, ranar 12 ga Oktoba ya tura shi zuwa bazara mai zuwa. Hotunan da jiragen leƙen asiri suka ɗauko a ƙarshen Satumba sun nuna tashoshin sun fara zama fayau.